Birkin da Baba Ya Ja

Klémat, N'Djamena

Zuwa ga Yayana Salmanu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Ummu Salma da yara. Allah ya tsare ka a kan titunan Jidda, ya kuma ba ka sauƙin ciwon bayan nan da ka ce yana tasar maka in ka daɗe riƙe da sitiyari. Mu ma nan lafiya lau muke, sai zafi da ya sa kowa ya koma kwana a tsakar gida. 'Yata Kausar ta shiga aji na gaba, ta yi tsawo har ta kusa kamo ni, bakinta kuwa ya riga ya wuce nawa. Goggo Shatu ta Moursal ƙafarta ta yi dama, har ta fara zuwa kasuwa da kanta. Maryamu ta sauka lafiya, an sami mace, an yi suna cikin rufin asiri. Inna ma tana nan da ƙarfinta, tana cin abinci, tana faɗa, kuma a kanta ne na zauna rubuta maka wannan.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya a hannun kowa. Wallahi na gwada. Sai in ɗauki wayar in fara yi maka saƙon murya, in ji na faro labarin daga ƙarshe, in goge, in sake, in kuma gogewa. Ga shi ka san Inna, idon ne kawai ya yi rauni, amma kunnenta yana jin motsin cokali daga zaure. Da na ji Junaid na Goggo Shatu zai taso wajenku, sai na ce bari in zauna in rubuta a tsanake, ko ni ma na gane abin da ya faru a gidan nan. Ka yi haƙuri in ka ga na yi ta kewaye, kaina ne bai daidaita ba har yanzu.

Bango ne mafarin komai. Bangon ɗakin Inna, wanda ke kallon rumfar mota. Daminar bara ruwa ya kwanta mana a tsakar gida ya ƙi fita, ya ci gindin bangon, tsaga ta taso daga ƙasa ta hau har kusa da rufi. Da rani ya yi nisa sai ta ƙara buɗewa, har hannuna yana shiga ciki. Na kira magini ya duba, ya ce ba maganar yaɓe ba ce, sai an rushe an sake, kuma in aka bar shi ya sha wata daminar, ba ya ɗaukar alhakin abin da zai biyo baya. Gadon Inna kuwa a jikin bangon nan yake. Na roƙe ta ta dawo ɗakina, ta ce ita a ɗakin da aka kawo ta amarya za ta kwana, ba ta zama baƙuwa a gidanta. Magini ya ce to, ko da ta yarda ta fita ma, ba inda zai tsaya ya yi aiki, domin motar Baba tana manne da bangon, ko kaza da ƙyar take bi ta tsakaninsu.

Bari in tuna maka wasu abubuwa, tunda ka daɗe cikin gidajen bene ƙila sun fara shige maka duhu. Kakanmu ya taso daga ƙasar Katsina da ƙafa da niyyar Hajji, ya iso garin nan tun ana ce masa Fort-Lamy, ya ce zai ɗan huta ya tara guzuri. Hutun nan ne har yau ba mu gama ba. Shi ya sa gidanmu bai taɓa ganin siminti ba. Maƙwabta duk sun zuba bulo, mu muna nan da laka, domin Baba ya ce matafiyi ba ya ginin da zai riƙe masa ƙafa. Kuma ka tuna ranar da ya ajiye Fijon nan tasa mai buɗaɗɗen baya, wadda ta girme ni ta girme ka, bayan idonsa ya fara gaza ganin hanya. Ya shigo da ita ya juya ta har gabanta ya kalli gabas, ya ja birkin hannu, ya kwance rawaninsa ya naɗe mariƙin da shi, ya ce duk wanda zai sauke wannan birki, to ya zama wanda ya ɗaura niyyar ƙarasa tafiyar. Ya kulle ƙofa ya miƙa wa Inna makulli. Da ka samu aiki ka tafi a jirgi, na ce masa ai ga Yaya ya ƙarasa mana, ya ce kai aiki ne ya kai ka, ba niyya ba. Kar ka ji haushi, haka ya faɗa, kuma yana dariya ya faɗa. Tun daga ranar makullin yana ƙulle a bakin zanen Inna, ko da Baba ya rasu bai bar wurin ba.

To ga mu da bango mai shirin faɗuwa, ga mota da ba ta motsi. Da farko maza suka taru za su tura ta gaba kaɗan, taku ƙalilan kawai ake nema. Aka hura tayoyi, aka tone ƙasar da ta binne su, aka sa kafaɗa. Tayoyin gaba suka juya, na baya suka ce ba da su ba. Wani ya kawo shawarar a ɗaura mata igiya a ja da babbar mota daga waje, Inna ta ji daga ɗaki, ta aiko Kausar ta ce motar mijinta ba mushe ba ce da za a ja ta a ƙasa. Maganar makulli kuwa ba wanda ya iya tayar da ita. Ni na san amsar da zan samu. Surukinka Baban Kausar kuma ka san halinsa, mutumin da har yau in zai wuce ƙofar Inna sai ya cire takalmi ya sunkuyar da kai, ina zai iya buɗe baki ya ce ta ba shi abin da ke ƙulle a zanenta.

Shi ne ya zo da dabara, ni kuma na ce ta yi, don haka kar ka ɗora masa shi kaɗai. Ya ce ai abin da ke riƙe ƙafafun baya yana cikin tambur ne, wato ƙarfen nan mai kama da tasa da ake ɗaure taya a jikinsa. A cikinsa akwai wasu ƙarafa biyu masu lanƙwasa, su ne ke buɗewa su danne shi in an ja birki. In aka cire tambur, aka fitar da su, aka mayar da shi, taya za ta juya, mota za ta matsa, ba wanda ya taɓa rawanin Baba, ba wanda ya karya maganarsa. Yaya, ranar har na ji ina alfahari da mijina. Na ce ashe zaman da yake yi a bakin garejin abokansa yana shan shayi bai tashi a banza ba.

Muka samo bakanike, sunansa Ango, mutumin Maraɗi ne, yana zuwa nan ya yi aiki wata da watanni ya koma gida. Dattijo ne mai raha, in yana magana rabi Hausar Maraɗi rabi Faransanci, in ya ƙosa ya rufe da kalas, wato shi ke nan, irin ta mutanen garin nan. Da ya ga motar sai da ya zagaya ta yana shafa jikinta, ya ce irinta ya koyi aiki a kai yana saurayi. Abin da ya fara tambaya shi ne ko an sauke birkin hannu. Baban Kausar ya ce masa ƙofa a kulle take, kuma shekarun da ta yi a nan ai wayar birkin ta daɗe da ruɓewa, tsatsa ce kawai ta kama ƙafafun. Ni ina tsaye da tiren karkanji, wato zoɓo, na sa ido a ƙasa. Ango ya leƙa ta gilashi, ƙura da labulen da Inna ta sa sun tare masa, ya leƙa ƙasa, cikin motar ya kusa taɓa ƙasa ba abin da ake gani. Ya ce to, haka ma yana faruwa, bismilla.

Ya ɗaga bayanta da jak, ya tokare da kututture, ya cire taya. A tsakiyar tambur akwai wani ƙaton noti, ya zare ƙusar da ke tsare shi, ya sassauta shi, amma bai cire shi duka ba, ya bar shi daidai bakin sandar ƙafar. Na tambaye shi dalili, domin ka san ni ba na iya ganin abu in yi shiru. Ya ce irin waɗannan tsofaffin motoci, tambur ɗinsu a matse yake a kan sandar, bakinta siriri gindinta kauri, shekaru suna ƙara manne su. Ranar da zai saki, da ƙarfi yake saki, in ba noti a gabansa zai iya tsalle ya karya wa mutum ƙafa. Kuma notin yana kare bakin sandar kada ya baje. Ya ce guduma kaɗai ba ta fitar da shi, sai dai ta fasa, dole sai da ƙarfen cirewa, wanda su suke kira arash. Nasa ya bari a Maraɗi, sai da ya hau kilando, wato acaɓa, ya je har unguwar Moursal ya aro wajen wani tsohon abokin aikinsa.

Ban taɓa ganin abu irinsa ba. Ƙafafu uku ne da shi, kowace ana ɗaure ta a kan ƙusar da taya ke zama, a tsakiya kuma ga wani dogon ƙarfe mai zare, kaurinsa ya kai taɓarya ƙarama. In ana murɗa na tsakiyar, yana tokare bakin sanda, ƙafafun kuma suna jawo tambur waje. Ango ya ɗaura, ya murɗa har jijiyoyin wuyansa suka tashi, ya ɗauki guduma ya buga kan ƙarfen, ya sake murɗawa, ya sake bugawa. Shiru. Ya zuba man gas ta bayan tambur, ya ce a bar shi a ɗaure ya kwana, ƙarfe ma yana son a ba shi lokaci ya yi shawara. Duk wannan abin Inna tana ɗaki, na ce mata ana duba tayoyi ne. Ta ce to, Allah ya taimaka.

Washegari da hantsi ya dawo, ya ƙara murɗawa kaɗan, ya ɗaga guduma ya sauke. Sai muka ji wata ƙara kamar an fasa tulu a kan dutse. Kaji suka watse, Kausar ta saki kwano, na ji Inna tana salati daga ciki. Ango ya yi murmushi ya ce ya saki. Baban Kausar har ya fara gyara hula yana kallona. Amma murnar ba ta je ko'ina ba, domin tambur ya matso kamar faɗin yatsa ya tsaya cak. Ango ya cire notin, ya ci gaba da murɗawa a hankali, sai muka fara jin wani kuka daga ciki, irin na ƙarfe in ana miƙe shi ba da son ransa ba. Ya tsaya. Ya kara kunne, ya ɗan murɗa, ya sake tsayawa. Fuskarsa ta canja. Ya ce shi bai gane ba, in tsatsa ce ya kamata a ce ta saki tun da aka ji ƙarar nan, wannan wani abu ne ke riƙe da shi da gangan.

Ya nemi fartanya ya tone ƙasar da ke ƙarƙashin motar, ya kwanta ya shige. Ya daɗe a ciki, ƙafafunsa kawai muke gani. Da ya fito bai kalli Baban Kausar ba, ni ya kalla, ya ce Hajiya wayar birkin nan ba ta ruɓe ba. Ya ce tana nan a miƙe kamar igiyar shanya. Wanda ya ajiye motar ya shafe wayar da giris tun daga gaba har baya, ya naɗe ta da yankakkiyar robar taya, ya ƙulle kowane gaɓa, ko ruwan bara bai shige ta ba. Ya ce wannan ba aikin mai jefar da mota ba ne, aikin wanda yake da niyyar tashi da ita ne. Birki a jaye yake, ƙarafan ciki sun buɗe sun kama tambur, kuma tsufa ya yi masa baki a ciki inda suke maƙalewa. Yana iya ci gaba da murɗawa, arash ba ya gajiya, amma abin da zai biyo baya shi ne ƙarafan su yage, tambur ya tsage, kuma ko a zagaye babbar kasuwar Grand Marché rumfa rumfa, a haye har Kusuri ta Kamaru, ba za a samu irinsa ba. Daga ranar motar ta zama ta kaji.

Kunya ta kama mu, muka ba shi labarin rawani. Na ɗauka zai yi fushi ya kwashe kayansa, sai ya zauna a kan taya ya riƙe haɓa, shi ma ya shiga ruɗanin tare da mu. Daga nan gidan ya zama majalisa. Goggo Shatu ta zo, ta ce abu mai sauƙi, a samo makulli a ba Ango ya sauke, ai shi matafiyi ne, ko yaushe yana kan hanya. Ango ya ce shi tafiyarsa yamma take yi, mai motar kuwa gabas ya nufa, kuma ba ya sa hannu a kan maganar mamaci. Baban Kausar ya je wajen limamin unguwa, liman ya ce wannan ba rantsuwa ba ce ba kuma wasiyya ba, magana ce ta buri, a sauke birki a gyara bango, kare rai ya fi. Na ji daɗin wannan, amma wa zai kai wa Inna? Wani kuma ya ce a datse wayar daga ƙasa. Na kwana ina juya wannan a raina. In an datse waya, an sauke birki ke nan ko ba a sauke ba? In an sauke, wanda ya riƙe almakashin ne zai tafi, ko ni da na ce a datse? In ba a sauke ba, me ya sa gabana ke faɗuwa? Ni da na yi makaranta har na koyar da 'ya'yan mutane, na zauna ina lissafin wa zan yaudara tsakanin uwata da mahaifina da ke kabari, na rasa.

Motar ta zauna a haka, ƙafa ɗaya a sama, arash a maƙale, mai shi yana aiko wa Ango cewa yana son kayansa. Sai ranar Talata da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso, aka ɗan yi yayyafi wanda ko ƙura bai gama kashewa ba. Ina cikin kwashe shanya na ji wani abu ya faɗi a ɗakin Inna. Na shiga da gudu na tarar da guntun laka, ya kai girman ƙwarya, a kan matashinta, daidai inda take sa kai. Ita tana zaune a kan dadduma a gefe, tana jan carbi kamar ba abin da ya faru. Yaya, a nan haƙurina ya ƙare. Na durƙusa a gabanta ina kuka ina faɗa, na zazzage mata komai, dabarar tambur, ƙaryar tayoyi, maganar liman, har da cewa Baba ya tafi inda ba a zuwa da mota, mu kuma muna nan, kuma ni ba zan tono uwata daga ƙarƙashin bango saboda tsumman rawani ba. Allah ya yafe mini wannan kalma, amma na faɗe ta.

Ba ta yi fushi ba. Ta ce duk ta ji, tun ranar da aka kawo ƙarfen, tana jira ne ta ga iyakar wayonmu. Abu ɗaya ne ba ta ji da kyau ba, me bakanike ya ce game da roba? Na maimaita mata. Ta ce in kama hannunta in kai ta. Muka fita cikin yayyafin, ta durƙusa a gefen motar, tsohuwa da ita, ta zura hannu cikin ramin da Ango ya tona, tana lalube har ta kai ga wayar. Ta daɗe tana shafa ƙullin nan ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ita ta yanka masa robar da wuƙar girkinta, yana ƙarƙashin mota tana miƙa masa, ta ɗauka wani gyara ne irin nasa na kullum. Ba ta san abin da yake naɗewa ba sai yau. A daren ta yarda ta kwana a ɗakina, ba tare da na sake roƙo ba.

Da safe ta yi wanka, ta sa farin mayafinta na Juma'a, ta ce a kira Ango. Ta kwance makulli daga bakin zane ta buɗe ƙofar da kanta. Ƙamshin Baba ne ya fito, turarensa da goro da tsohuwar kujera. Ta shiga ta zauna a mazaunin direba, ita da ba ta taɓa zama a nan ba, ta warware rawanin a hankali ta ninke shi a cinyarta. Ta kama mariƙin ta tura, ya ƙi. Baban Kausar ya matsa zai taimaka, ta ɗaga masa hannu ya koma. Ango ya tsaya daga waje, ya ce ta ɗan jawo shi wajenta tukuna, ta murɗa, sannan ta sake shi ya tafi. Ta yi bismilla ta yi yadda ya ce, da hannu biyu. Muka ji wayar ta yi ɗan ƙara a ƙarƙashin mota, shi ke nan.

Sauran aikin ko daɗewa bai yi ba. Ango ya ɗan bubbuga gefen tambur da guduma, ya murɗa arash da hannu ɗaya, abin da ya hana mu barci ya zamo ya faɗo masa a hannu kamar murfin tukunya. Ya yi wa ɗaya ƙafar haka, ita ma ta yi ƙararta ta saki. Ya wanke komai, ya goge tsatsa, ya mayar, bai cire ko ƙarfe ɗaya ba, ya ce birkin nan zai iya tsayar da mota gobe. Maza suka sa hannu, motar Baba ta mirgina gaba, Inna tana ciki tana riƙe da sitiyari. Ni har na fara hamdala a raina, ina cewa an rabu da wahala, gobe magini ya fara aiki.

Da aka fito da Inna daga motar sai ta kira ni, ta kira Baban Kausar, ta sa shi ya tsaya a gabanta, abin da bai taɓa yi ba. Ta miƙo mini rawanin ta ce, "Hamdiyya, hannuna ne ya sauke, don haka ni ce mai tafiya. Kakanku ya ce gobe, babanku ya ce gobe, ni goben da ta rage mini ba ta da yawa. Ki rubuta wa yayanki ya nema mini hanya." Sannan ta juya wajen surukinta ta ce, "Bangon nan kuma ku yi shi da bulo da siminti. Ku kun zauna."

Yaya, ka ga inda nake. Ni bango na so in gyara don kada in rasa uwata, ga shi bangon zai gyaru, uwar kuma za ta tafi. Na ce mata ai sai ta je ta yi ibadarta ta dawo, mutane nawa ke zuwa suna dawowa. Ta ce in Allah ya dawo da ita to, amma ita ba ta roƙe shi wannan ba. Ta riga ta fara rabon kayanta, ta ba Kausar kwanukanta, ta ba Maryamu tabarmar da ba ta bari kowa ya taka. Rabona da ganinta da walwala irin wannan tun Baba yana da rai, har waƙa na ji tana yi ƙasa ƙasa tana tsintar shinkafa. Ban sani ba ko murna ya kamata in yi ko kuka, sai in fara ɗaya in tsinci kaina a ɗayan. Wani lokaci in ce da na bar Ango ya fasa tambur ɗin kowa ya huta, sai in tuna guntun lakar nan a kan matashi in yi istigfari. Na so in ce maka ka ja lokaci, ka ce takardu sun yi wuya, har ta haƙura. Na ma rubuta hakan a wata takardar na yaga, domin na gaji da dabara, na ga inda ta kai mu. Ka yi abin da ta ce. Ka nema mata hanya, ka gaya mini abin da ake bukata daga nan, Baban Kausar zai yi zirga-zirgar. Ka gaya wa Ummu Salma Inna ba ta cin yaji yanzu, kuma shayinta ba a cika masa sukari. In ta ce ba ta gaji ba, ta gaji.

An kawo bulo jiya, yana jibge a inda motar take da. Na tsaya ina kallonsa, na kasa sanin ko gidanmu ne.

Ka gaishe mini da Ummu Salma da kyau, da Awwal, da A'isha Humaira, ka ce mata Kausar tana nan tana jiran hoton da ta yi alkawari. Baban Kausar yana gaishe ka, Goggo Shatu da Maryamu suna gaishe ka, har Ango ya ce a gaida ɗan mai Fijo. Na tambayi Inna saƙon gaisuwar da zan rubuta maka daga wajenta, ta ce kada in rubuta komai, za ta gaishe ka da bakinta.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Hamdiyya